Tafkin Kifi na Cikin Gida: Daga Ina Dattin Yake Fitowa, Ina Kuma Ya Kamata Ya Tafi?

Duk wanda ya taɓa haƙa ɗan tafki a tsakar gida ko a lambu ya zuba kifi don sha'awa, ya san yadda abin yake farawa. Makon farko ruwa garai-garai, har ana ƙirga tsakuwar da ke ƙasa. Yara na zuwa kallo, baƙi na yabawa. Kafin wata ya zagayo ruwan ya fara kore, kafin wata uku ya koma kamar miyar kuka, soson da ke cikin matata kuwa kullum a toshe yake. Sai ka ga maigida kowace Asabar durƙushe a bakin tafki yana matse soso, hannu na wari, baya na ciwo. Daga nan ɗayan biyu ne, ko ya kashe kuɗi ya sayo babbar matata, wadda masu sayarwa ke kira filta, ko ya raba kifin ga maƙwabta ya cike ramin da ƙasa. Na ga waɗanda suka yi na farko, na ga waɗanda suka yi na biyu, kuma abin yana yi mini ciwo, domin mafi yawansu ba ƙarancin kayan aiki ne ya kayar da su ba. Abu ɗaya ne ba a bayyana musu ba tun farko: matata ba ta ɓatar da datti. Tara shi take yi wuri guda. Muddin ruwan tafki yana ratsawa ta cikinta, dattin da ke maƙale a soso yana nan a cikin tafkinka, yana ruɓewa, yana narkewa, yana komawa wurin kifi. Wanda ya gane wannan, rabin wahalarsa ta ƙare.

Bari mu fara da abin da ido ba ya gani, don shi ne mai kisa. Kifi yana fitar da wani sinadari da ake kira amoniya, kuma mafi yawansa ba ta kashi yake fita ba, ta gefen kansa yake fita, inda yake shaƙar iska. Tushen amoniya shi ne furotin da ke cikin abinci. Masu kiwon kifi na zamani suna da wani ƙiyasi da suke aiki da shi: kilo ɗaya na abincin kifi mai furotin kashi 35 cikin 100 yana haifar da amoniya kimanin giram 30. Ɗauki tafki mai tsawon mita 3, faɗin mita 2, zurfin mita 1. Ruwansa lita 6,000 ke nan. Idan kana zuba abinci giram 100 kowace rana, kana ƙara wa ruwan amoniya kusan giram 3, wato rabin miligiram a kowace lita, kullum ta Allah. Cikin 'yan kwanaki, in babu abin da ke cinye ta, ta kai matakin da kifi zai fara galabaita, alhali ruwan yana iya zama fes a ido.

Abin da ke cinye ta wasu ƙananan halittu ne, bakteriya. Wani masani mai suna Sergei Winogradsky ne ya fara ware su ya nazarce su a birnin Zurich wajen shekarar 1890. Rukuni ɗaya, irin su Nitrosomonas, suna mayar da amoniya zuwa naitirait. Shi ma naitirait guba ne, yana shiga jinin kifi ya hana shi ɗaukar iska, har jinin ya koma ruwan ƙasa-ƙasa. Rukuni na biyu, irin su Nitrospira, su ke karɓar naitirait su mayar da shi naitiret, wanda kifi ke iya jurewa da yawa, tsirrai kuma suke sha kamar taki. A 2015 ma masu bincike suka gano cewa akwai wasu Nitrospira da ke yin aikin biyu su kaɗai, kuma ɗaya daga cikin wuraren da aka same su shi ne matatar wata gonar kifi da masana a Holan suka bincika. Waɗannan halittu ba sa yawo a cikin ruwa sosai. Mannewa suke yi a jikin abu, a soso, a tsakuwa, a bangon tafki, su zama wannan santsi mai ruwan ƙasa da mutane ke ɗauka ƙazanta ce su kankare. Kuma jinkirin haihuwa gare su. Bakteriyar da ke ruɓar da abinci tana iya ninka kanta cikin rabin sa'a, amma waɗannan sai su ɗauki sa'o'i masu yawa, wani lokaci yini guda cur. Shi ya sa sabuwar matata ke bukatar mako 4 zuwa 6 kafin ta kankama.

To a nan ne matsalar take. Akwatin da muke kira matata, ayyuka biyu ne aka cusa masa, kuma ayyukan ba sa jituwa. Na farko shi ne tare datti mai jiki: kashin kifi, ragowar abinci, ganye, ƙura, mataccen gansakuka. Wannan ɓangare yana son a riƙa zubar da shi a kai a kai, in da hali kullum. Na biyu shi ne zama gidan bakteriya, shi kuma yana son a ƙyale shi, kada a taɓa shi sai da dalili. Ƙananan matatun da ake sayarwa sun haɗa biyun a soso ɗaya. In ka ƙyale soson don bakteriya, sai ya toshe da taɓo, iska ta daina isa gare su. In ka wanke shi tas don ruwa ya wuce, ka kori ma'aikatanka. Gaba kura, baya sayaki. Duk wata dabara ta rage wahalar wankin matata, in ka bi diddiginta, a kan raba waɗannan ayyuka biyu take, da kuma rage abin da ke shiga ruwan tun asali.

Abinci ne babbar ƙofa. Kusan kashi ɗaya bisa huɗu na abin da kifi ya ci yana fitowa a matsayin kashi mai jiki, wanda kuma bai ci ba gaba ɗayansa datti ne. Kifin koi, wani kifin ado mai launuka iri-iri, da jan kifin ado, waɗanda aka fi zubawa a irin wannan tafki, ba su da tumbi irin namu, hanji ne kawai, don haka in aka cika musu abinci lokaci ɗaya sai ya wuce bai gama narkewa ba. Ɗan kaɗan sau biyu ko uku a rana, gwargwadon abin da za su cinye cikin minti biyar, ya fi kwano guda da safe. Na san da wuya, domin kifi ya iya roƙo. Da ya ga inuwar mutum sai ya taso yana buɗe baki, kowa a gidan kuma yana so ya ba shi. Gidan da mutum biyar ke ciyar da kifi, kowa da lokacinsa, ba matatar da za ta ishe su. A auna abincin yini a ɗan gwangwani da safe, in ya ƙare ya ƙare. Gutsuren burodi da ragowar shinkafa da tuwo kuwa, a kai wa kaji.

Sai yawan kifin. Koi ɗan yatsa da ka saya bana, nan da 'yan shekaru yana iya wuce rabin mita. Masu kiwonsa sukan ware wa kowane babba lita 1,000 ko fiye, wato tafkinmu na lita 6,000 bai wuce shida ba. Wanda ya zuba ƙarfasa kuma ya shirya, domin haihuwa take yi babu ƙaƙƙautawa, uwa ta riƙe ƙwai a baki har su ƙyanƙyashe, kafin ka ankara goma sun zama ɗari. Dole a riƙa ragewa. Akwai kuma wani ruɗi da muke ɗaukowa daga masu kiwon tarwaɗa a kwami. Mutum ya ga ɗaruruwan tarwaɗa a ɗan wuri, cikin ruwa baƙi ƙirin, suna raye, sai ya ɗauka kowane kifi haka yake. Tarwaɗa tana da wata halitta a cikin kanta da take shaƙar iskar sarari da ita, shi ya sa take tasowa tana guntsa, kuma masu kiwonta suna sauya mata ruwa a kai a kai. Koi ba shi da wannan gata.

Ƙofa ta biyu ita ce sama. Tafkin da aka haƙa ƙarƙashin darbejiya ko mangwaro ya sami inuwa, amma ya sami ganye da fure da 'ya'ya da kashin tsuntsaye. Ganyen da ya faɗa ruwa yakan yi yawo a sama na ɗan lokaci kafin ya jiƙe ya nutse. Wannan ɗan lokacin shi ne damarka. Minti biyu da 'yar raga mai dogon mariƙi kowace yamma sun fi sa'a biyu na kwasar taɓo a ƙarshen wata. Akwai kuma ɗan kwando da ake girkawa daidai fuskar ruwa, injin tura ruwa ya riƙa jan ruwan sama ta cikinsa, ganye ya tsaya a kwandon. A sa shi ta gefen da iska ke tura abubuwa. Lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙurar da ke sauka a kan mota da tagogi ita ce dai take sauka a tafki, kuma tana da laushin da soso ke sha ya toshe nan da nan. Ragar inuwa irin ta masu renon shuka, in aka ɗaura ta sama, tana tare ganye, tana rage ƙura, tana kuma rage rana. Da damina kuwa abin tsoro shi ne ruwan da ke gangarowa daga tsakar gida ko fangalin da aka sa wa takin zamani. Takin da zai sa masara ta yi kore shi ne zai sa tafki ya yi kore. Bakin tafki ya ɗara ƙasar da ke kewaye da shi da kamar taƙi ɗaya, kada a bar ruwan indararo ya zuba ciki.

Abin da ya riga ya shiga fa? A nan nake so in daɗe, domin a nan ne ake yin nasara ko a faɗi tun ranar gini. Kashin kifi yana fitowa a dunƙule, mai nauyi, yana nutsewa. In ya zauna a ƙasa kwana biyu sai ya farfashe ya zama laka. In kuma injin da aka jefa cikin tafki ya zuƙe shi, farfelar injin ta markaɗa shi ya zama gari, wanda ba ya kwanciya, sai dai soso mai laushi ya tare shi. Wato injin da kansa yana mayar da dattin da ke da sauƙin kamawa ya zama mai wuya. Shi ya sa ƙwararrun masu gina tafkin koi suke karkatar da daɓen ƙasa zuwa tsakiya kamar kwano, su sa magudana a wuri mafi zurfi, bututu mai faɗi ya bi ta ƙarƙashin ƙasa ya kai ruwan wani ɗaki da ke gefe. Ruwa da kansa yake tafiya, domin duk inda aka haɗa mazubi biyu da bututu, ruwansu daidaita tsayi yake yi. Injin yana can ƙarshen layi, yana jan ruwan da aka riga aka tace yana mayar da shi tafki. Datti ya isa ɗakin farko da jikinsa, bai gamu da farfela ba.

Wannan ɗakin farko ba sai an sayo shi daga waje ba. Shuɗin duro na roba mai cin lita 200 yana yi. Ruwa ya shiga ta gefe, a karkace, yadda zai riƙa kewaya cikin duron a hankali. Abu mai nauyi ya taru a tsakiyar gindi, ruwa mai dama-dama ya fita ta sama. A gindin a sa makunni mai faɗi. Ka tuna yadda mata ke barin gasara ta kwanta su tsiyaye ruwan sama, aikin ke nan. Sirrin shi ne kada ruwan ya yi gudu. In lita 3,000 ke wucewa a sa'a, kowane ɗigo yana samun kimanin minti huɗu a cikin duron. In ka ninka ƙarfin injin, ka raba lokacin biyu, datti kuma ya wuce bai kwanta ba, sai dai ka ƙara duro na biyu. Kowace safiya ko bayan kwana biyu ka buɗe makunnin, baƙin ruwa ya fito kamar bokiti ɗaya ko biyu, da ya fara haske ka rufe. Hannunka bai taɓa soso ba, kuma dattin ya bar tafkin da gaske. Masu hali suna sa rariyar ƙarfe mai ƙananan huji, ko wani injin mai gangar raga da ke wanke kansa da feshin ruwa duk sa'ad da ya toshe. Suna aiki ƙwarai, sai dai na biyun yana son wuta tsayayya da kayan gyara da ba ko'ina ake samu ba. A wurina duro da makunni sun fi dacewa da mafi yawanmu.

Wannan ne ma ya sa ba na goyon bayan shimfiɗa duwatsu da tsakuwa a ƙasan tafkin da ke da kifi da yawa. Suna da kyau a watan farko. Bayan shekara, duk wata kafa da ke tsakaninsu ta cika da baƙin taɓo, in ka motsa shi sai ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai. Wannan wari iskar guba ce da ke samuwa inda babu oksijin, wato iskar da ake shaƙa don rayuwa. A bar ƙasan sumul, a ƙawata baki da duwatsu.

Bayan duro sai gidan bakteriya, wanda yanzu ruwa mai ɗan tsabta ke isa gare shi, don haka yana iya yin watanni ba a buɗe shi ba. Abin da suke so shi ne wurin mannewa mai yawa, da iska. A ƙarshen shekarun 1980 wani farfesa a Trondheim ta ƙasar Norwe, Hallvard Ødegaard, ya ɓullo da wata dabara don tace ruwan ƙazantar birane: ƙananan robobi masu kama da taya, ana zuba su cikin ruwa ana hura musu iska daga ƙasa, su riƙa tafasa suna gogar juna. Gogar tana kankare tsohon santsi, sabo ya tsiro, ba sa toshewa. Masu tafkin kifi sun ari dabarar, kuma robobin suna samuwa wurin masu sayar da kayan kiwon kifi. Wanda bai samu ba, yankakken bututun roba ko murafun gorar ruwa da aka wanke suna ba da wurin mannewa. In ranar wanki ta zo, a ɗebi ruwan tafkin a bokiti a ɗauraye a ciki sama-sama. Ban da omo, ban da sabulu, ban da shanyawa a rana, ban da ruwan famfo mai kulorin, domin don kashe bakteriya aka sa kulorin ɗin, kuma ba ya bambance na kirki da na banza. Kada kuma a wanke duka rana ɗaya. Rabi yau, rabi bayan mako biyu.

Kuskure mafi girma da nake gani shi ne na mai tsabta. Ruwa ya yi kore, sai a kwashe kifi a baho, a zubar da ruwan kaf, a goge bango da buroshi, a cika da sabon ruwa. Kwana uku ana murna. Bayan kwana goma kifi ya fara mutuwa ɗaya-ɗaya a cikin ruwa mai haske, a rasa dalili. Dalilin shi ne an mayar da tafkin ranar farko, kifi na nan, amoniya na nan, masu cinye ta sun tafi. Sauya kashi 10 zuwa 20 cikin 100 kowane mako ya wadatar, kuma wanda ke buɗe makunnin duro kullum ya riga ya yi wani ɓangare na wannan. A lura, cike gurbin ruwan da rana ta shanye ba sauyi ba ne. Tururi ruwa zalla yake ɗauka, ya bar naitiret da gishiri suna ƙara kauri. Ruwan famfo a tara shi a buɗaɗɗen mazubi kwana ɗaya ko biyu, ko a sa masa maganin cire kulorin. Ruwan rijiyar burtsatse kuma yakan fito da ƙarancin oksijin, gara a watsa shi daga sama yana faɗowa. Sabon kwamin siminti shi ma sai an jiƙa shi an zubar sau da yawa, don siminti yana sakin sinadarin da ke ɗaga ma'aunin pH, wato ma'aunin da ke nuna ko ruwa ya karkata ga tsami ko ga kanwa.

Shi koren ruwan, ba shi ne abokin gaba ba kamar yadda ake zato. Kifin koi a tsaunukan Niigata na ƙasar Japan aka fara kiwonsa, manoman shinkafa ne suka riƙa ware masu launi tun ƙarni na 19, duniya kuma ta fara saninsa bayan baje kolin da aka yi a Tokyo a 1914. Har yau masu kiwonsa a can, kifayensu mafi tsada a tafkunan laka suke sakin su lokacin zafi, inda ba a ganin ƙasa, sai wajen Oktoba su kwaso su sun yi ƙiba, launinsu ya fito. Koren nan ƙananan tsirrai ne masu ƙwaya ɗaya, suna shan amoniya da naitiret. Alama ce cewa abinci da rana sun yi yawa a ruwan. Inda haɗarinsa yake shi ne dare da la'asar. Da rana yana fitar da oksijin, da dare yana sha tare da kifi, shi ya sa da asuba ake ganin kifi a sama yana haki. Da la'asar kuma yana iya tura pH har 9. Wannan lamba tana da muhimmanci, domin amoniya iri biyu ce a ruwa, mai guba da mai dama-dama, kuma pH ke raba su. A zafin digiri 25, in pH yana 7, mai gubar ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. A 8 ta kai kusan kashi 5. A 9 ta wuce kashi ɗaya bisa uku. Amoniyar da ba ta yi komai da safe ba tana iya ƙona kifi da yamma. 'Yan kwalaben gwajin ruwa na amoniya da naitirait da pH sun fi kowane magani amfani, kuma ba su kai kuɗin koi ɗaya babba ba.

Akwai fitilar da ake sawa cikin bututu, mai haske na musamman da ke kashe wannan kore yayin da ruwa ke wucewa. Tana aiki cikin mako ɗaya ko biyu, amma a san abu uku. Koren da ta kashe a matata zai ƙare, don haka kwanakin farko wanki ƙaruwa zai yi. Ba ta taɓa gansakuka mai zare-zare da ke manne a bango, wannan sai dai a naɗe shi da sanda a fitar. Kuma ƙarfinta yana raguwa ko da tana ci, sai an sauya ƙwan kusan kowace shekara. Kada a kalli haskenta da ido tsirara. Magungunan kashe gansakuka kuwa ina tsoronsu, domin suna kashe shi gaba ɗaya lokaci guda, ya ruɓe ya shanye iskar ruwan cikin dare ɗaya.

Hanyar da na fi so ita ce a kawo masa kishiya. Tun shekarun 1950 wata masaniya a Jamus, Käthe Seidel, ta nuna cewa tsirran fadama suna tsarkake gurɓataccen ruwa. A gida ana yin ƙaramar fadama a gefen tafki, faɗinta kamar kashi ɗaya bisa biyar na tafkin, zurfinta wajen santimita 30, a cika ta da wankakkiyar tsakuwa. Ruwa ya shiga ta bututu mai huji-huji da ke ƙasa, ya taso a hankali ta cikin tsakuwa da saiwoyi, ya kwararo tafki. Ruwan da ya riga ya bi ta duro za a ba ta, in ba haka ba ita ma toshewa za ta yi. Gwaza yana son irin wannan wuri, haka jema da na'ana'a. A cikin tafkin kuma bado yana rufe fuskar ruwa ya hana rana, in ya rufe kamar rabi ya isa. Kainuwa dashen Allah ce, ba ta neman komai wurinka, saiwoyinta na rataye suna shan takin kai tsaye. Sai dai sharaɗin ɗaya ne da na matata: abin da tsiro ya sha yana jikinsa, in ya mutu a ruwan ya mayar. Kwasar kainuwa cikin bokiti kowane mako a kai juji ko a binne a lambu, shi ne fitar da naitiret da hannu. Kachalla kuwa a yi hattara da ita. Wanda ya san yadda ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru ya san ƙarfin saiwarta, tana iya huda tamfal ɗin da aka shimfiɗa a ƙasan tafki. Kuma duk tsiron da aka ɗebo daga kududdufi ko dam, a ajiye shi a wani mazubi daban na 'yan makonni, a tsince katantanwar da ke jikinsa da safar hannu, domin wasu irinta ne ke ɗauke da cutar tsargiya. Tunda an zo maganar lafiya, gidan da ke da ƙananan yara ya kewaye tafki da shinge tun kafin a zuba ruwa.

Saura iska da wuta, waɗanda littattafan Turai ba sa damuwa da su kamar mu. Ruwa mai zafin digiri 20 yana riƙe oksijin kimanin miligiram 9 a lita, a digiri 30 kuwa bai wuce 7 da rabi ba. Wato tafkinmu na lita 6,000, a tsakiyar bazara, duk oksijin da zai iya riƙewa giram 45 ne kacal. Bakteriya kaɗai suna bukatar fiye da giram 4 da rabi don sarrafa kowane giram na amoniya, kusan giram 14 ke nan a rana, ban da na kifi, ban da na taɓon da ke ruɓewa. A watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, kifi ya fi cin iska, ruwa kuma ya fi ƙarancinta. Zurfin mita ɗaya ko fiye da inuwa suna taimakawa, amma motsin ruwa ne ke shigar da iska, kuma shi ne ke hana sauro yin ƙwai.

In aka ɗauke wuta, ruwan da ke cikin rufaffiyar matata yana tsayawa cik, bakteriya su shanye ɗan oksijin da ke ciki cikin 'yan sa'o'i, abin ya fara ruɓa. Da wuta ta dawo, injin ya tura wannan ruɓaɓɓen ruwa kai tsaye kan kifi. Wanda ba zai iya ɗora babban injin a kan sola ba, ya ɗora ƙaramin injin hura iska, wanda cinsa bai wuce na fankar tebur ba, ya raba bututunsa biyu, ɗaya cikin tafki, ɗaya cikin gidan bakteriya. In wuta ta yi rabin yini ba ta nan kuma babu wannan, kafin a kunna injin a buɗe murfin matata a sansana. In akwai wari, a zubar da ruwan cikinta ta makunni, a kai shi gindin zogale ko ayaba, a cika ta da ruwan tafki, sannan a kunna. A dakatar da abinci ranar da kashegari, a gwada amoniya da naitirait da safe har kwana uku kafin a koma ciyarwa kamar da.